Kyanwa biyu, rumbu ɗaya

A Waca ba a ajiye kyanwa don sha'awa. Ma'aikaciya ce kamar jaki, sai dai ita ba a ɗaure ta, ba a kuma sayen ta. Ban taɓa ganin an kai kyanwa kasuwa ba, ko tamu ko ta Magarya. Roƙo ake yi. In ta wani gida ta haihu, sai a aika yaro ya ce a ajiye muku ɗaya, in ta yi wayo a sako ta cikin buhu a kawo, wai don kada ta ga hanya ta koma. Aikinta kuwa kusu. Duk wanda ya taɓa kwance bakin buhun wake a tsakiyar rani ya tarar da kashin kusu ya fi waken yawa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na san wasu cikinku za su ce, ana rubutu kan jarrabawa da cin rani da auren wuri, shi kuma wannan ya zo mana da mage. Ku yi haƙuri. Gardama ce muka fara a gida tun bakans ɗin bara ba mu ƙarasa ba, ni kaɗai gefe guda, matan gidan gefe guda, a nan kuwa ba mai katse ni.

Tsohuwar kyanwarmu ta kai shekara tara. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ita ke riƙe da lissafin, don an kawo ta shekarar da kakanmu ya rasu, tun daga nan kuma ƙarƙashin gadon Iya take kwana. In ka ji Iya na magana ita kaɗai bayan lisha, ba ita kaɗai ba ce. To amma tsufa ya kama kyanwar. Fiƙa ɗaya ta faɗi, barci ya yi yawa, har ta kai kusu na ratsa ɗakin ajiya da rana tsaka kamar gidan ubansu. Suka cinye irin gyaɗar da Baba ya ɓoye, sai da ya sayi wani a bakin shuka, kun san kuwa yadda kuɗin iri yake a lokacin. Baba ya ce cikin biyu a yi ɗaya: ko maganin kusu na kasuwa, ko sabuwar kyanwa. Inna ta ce magani dai ba a gidanta ba. Ga kaji, ga yaro mai rarrafe, kuma kyanwar da ta ci kusun da ya ci magani ita ma sai ta bi shi. Aka aika wa gwaggonmu da ke aure a Dungas, wadda tata ta haihu farkon damina.

Iya ba ta hana ba. Cewa kawai ta yi wa Baba: "Ka kawo. Amma in kuka kore min wannan, ku da Allah." Tsoron nata da dalili. Maƙwabtanmu sun taɓa yin haka, suka ajiye ƙarama gaban babba suka ce za su saba. Babbar ta tsallake darni, aka riƙa ganin ta wajen rumfar mahauta tana rame-rame, ba ta sake taka gidan ba. Ƙaramar kuwa ba ta isa kama ko gyare ba tukuna. Suka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Gwaggo ta so ta aiko da ita tana wata ɗaya. Iya ta ce a bar ta wajen uwa sai ta iya cin abinci da kanta, aka bar ta ta yi wata biyu. Haka ya kamata, don kusan nan ne kyanwa ke yaye ɗiyanta, kuma wajen uwa da ƴan uwa ne ƴar kyanwa ke koyon cewa cizo na da zafi, da kuma yadda ake ja da baya in babba ta ɓata rai. Farkon Agusta aka kawo ta bisa babur. Baba har da barkwanci, wai ai ƴar gida ce, Waca da Dungas duk Sosebaki ne, ko da yake tun 2011 sun samu gundumarsu sun fara ɗaga mana kai. Kyanwa dai ba ta san tarihi ba. Kafin a ankara autanmu ya kwance buhun, ya ɗauko ƴar abar, baƙa da farin ƙirji, ya dire ta gaban tsohuwa ya ce su gaisa. Tsohuwa ta kwantar da kunnuwa, ta gantsare, gashin bayanta ya miƙe, ta yi wani huci kamar gamsheƙa. Mari ɗaya ta kai, ta haye katanga. Kwana biyu ba mu gan ta ba.

Nan matan gidan suka samu abin dariya. "Uwargida ta yi yaji!" "A je biko!" Mu ba ma sa wa kyanwa suna, mus-mus ake kiran kowace, amma daga ranar suna ya bi su: Uwargida da Amarya. Iya kaɗai ba ta yi dariya ba. Tuwonta ma a kwano ya kwana.

Ga inda gardamar take. Su suka ce kishi ne. Ni na ce ba kishi ba ne, rigimar iyaka ce.

Mai kishi, zuciyar wani take tsoron rasawa. Uwargida kuwa ba ta taɓa damuwa da wanda Iya ke so ba. Jikoki nawa Iya ta goya a gabanta, ko kallo ba su ishe ta ba. Abin da ta mallaka a duniya wuri ne: inuwar turmi, bisa katanga inda hantsi ke fara sauka, bakin murhu, hanyar da take bi zuwa rumbu. Asalinta ke nan. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce, irin wadda har yanzu ake samu a dazukan Afirka da ƙasashen Larabawa, ita kuwa ba ta garke kamar kare, kowace da yankin farautarta. Rumbu ne ma ya haɗa ta da mutum. Da mutane suka fara noma suna tara hatsi a Gabas ta Tsakiya wajen shekara 10,000 da suka wuce, kusu suka zo, ita kuma ta biyo kusu. A 2004 masu tonon kayan tarihi na Faransa sun ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa dab da juna. Wato abin da ya sa Baba ya aika Dungas shi ne ya fara kawo kyanwa gidan mutum. Amma shigowa gida bai canza mata hali ba. Har yau in ta ga wata a wurinta, ba ƙawa take gani ba, mai rage mata kusu take gani.

Mu mutanen Magarya ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ƙasarmu mutane sun yi yawa, gona ɗaya ta kaka an raba wa ɗiya, an sake raba wa jikoki, kowa ya dasa gamba a iyaka yana lura da ita. Bari maƙwabci ya ci kunya ɗaya da shuka, ka ga dattijai masu furfura gaban mai gari. Akwai wanda ya taɓa kiran wannan kishi? To gambar kyanwa wari ne. In ka ga tana goga kumatu a ƙofa, ko a turmi, ko a ƙafarka, ba shagwaɓa kaɗai ba ce, alama take sawa. Haka in tana karce ginshiƙin rumfa. Muzuru shi da fitsari yake yin nasa, kowa ya san wannan ɗoyin. Gidanmu duka, har da mu mutanen ciki, shekara tara yana ɗauke da warinta. Rana ɗaya sai ga warin Dungas a tsakiyar tsakar gida, ba sallama.

Na kawo shawara a rufe Amarya a ɗakin ajiya na ƴan kwanaki, don in Uwargida ta dawo ta tarar da gidanta yadda ta bar shi. Iya ta ce atafau. Kulle kyanwa alhaki ne, ko ban ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba? Sai da aka kai maganar gun malamin makarantar allon unguwarmu. Ya ce laifin waccan matar, ta tsare ta ne ba ci ba sha, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. In akwai abinci da ruwa, kuma don gyara ake yi, ba komai. Ya ƙara da cewa kyanwa abar tausayi ce a addini, ga Abu Huraira nan da ita aka yi masa laƙabi. Iya ta yarda, da sharaɗin ita za ta riƙa kai abincin. Aka zuba rairayi a tsohuwar tasa, aka ajiye kaskon ruwa, aka ja ƙofa.

Abin da ya fi aiki kuwa daga Iya ya fito, ba daga lakwal ba. Ta jawo tsumman da Uwargida ke kwana a kai, ta shiga ta goge Amarya da shi tun daga kumatu har wutsiya, ta bar mata shi ta kwana a kai. Wani tsumman kuma ta goga wa Amarya, ta kawo ta yar a bakin ƙofar ɗakinta, ba ƙarƙashin gado ba, nesa kaɗan. Na tambaye ta ina ta samo wannan. Ta dube ni kamar na tambayi ina ake samun ruwa. "Kai, ɗan akuya in uwarsa ta mutu, yaya ake yi wata ta karɓe shi? Dabba da hanci take gani." Ta ce Fulani ma in maraƙi ya mutu, fatarsa suke nuna wa saniya ta sakar da nono.

Dare na uku Uwargida ta dawo. Iya ce ta ji motsinta. Da safe na gan ta bakin ɗakin ajiya, hanci a ƙarƙashin ƙofa. Ta daɗe tana shinshina, sannan ta ɗaga kai ta ɗan buɗe baki ta tsaya cak, kamar wadda aka gaya wa mugun labari. Akwai wata ƴar kafa a dasashin kyanwa na sama da take ɗanɗana wari da ita, irin yadda bunsuru ke yi in ya ɗage leɓe. Iya ta ce, "Ku bar ta, wasiƙa take karantawa." Daga ciki Amarya ta miƙo hannu ta ƙarƙashin ƙofa. Uwargida ta yi huci ta tafi. Amma ba katanga ta nufa ba, gindin turmi ta je ta kwanta.

Daga nan Iya ta kafa dokoki, ba wanda ya isa ya taka. Uwargida ake fara ba abinci, a kaskonta, a wurin da ta saba ci. Amarya da nata kaskon, kuma ba a ajiye su kusa. Ba mai shigar da Amarya ɗakin Iya. Wadda ta fi wahalar bi ga yara ita ce ta ƙarshe: in Uwargida ta yi huci, ba mai korar ta, ba mai jifa. Yara suna ganin babba na cin zalin ƙarama ne, hannunsu na ƙaiƙayi. Alhali huci ba faɗa ba ne, kashedi ne, kuma kashedin ne ke hana faɗan. In ka doke ta duk lokacin da ta yi, abin da za ta koya shi ne ganin ƙaramar nan na jawo duka, ka ga ka ƙara wa wuta kara. Abincin dai abin da gida ya ci: ɗan tuwo da miya, kan busasshen kifi in an samu. Madarar shanu ɗanya kan sa ƴar kyanwa zawo, sai Inna ta riƙa ba ta ɗan nono mai tsami, shi ya fi zama mata a ciki.

Bayan kwana biyar muka fara musaya. Da azahar in Uwargida ta shige ɗakin Iya barci, sai a saki Amarya ta zaga tsakar gida, ta hau turmi, ta bi fara. Da la'asar a kai Amarya ɗakin Inna, a bar ɗakin ajiya buɗe, Uwargida ta shiga ta bi buhu-buhu da hanci, ta goga kumatunta bisa duk inda waccan ta goga. Sai kuma dabarar Inna, wadda duk da tana cikin masu cewa kishi ne, ita ta kawo ta: ta kife Amarya da kwandon da ake kife ƴan tsaki, a tsakiyar gida, na ɗan lokaci kowace safiya. Suna ganin juna, ba mai iya taɓa wani. Rana ta farko Uwargida ta zagaya kwandon daga nesa tana gurnani. Ta uku ta wuce ta gefensa kamar ba ta gan shi ba. A wurin kyanwa wannan babban ci gaba ne. Zuba ido shi ne neman faɗa, kau da kai kuwa ladabi ne.

Kusan mako biyu da zuwanta aka ɗage kwando. Ba abin da ya faru sai da Amarya, da rashin kunyar ƙuruciya, ta laɓe bayan tulu ta dira kan wutsiyar Uwargida. Ta sha mari biyu a ka, ba farce, ba jini. Ta kwanta ta nuna ciki, Uwargida ta tsallake ta ta wuce. Autanmu ya ɗauko kara, Iya ta harare shi ya ajiye. Faɗan gaske daban yake, kuma ba ya ɓoyuwa: kururuwa, gashi na tashi, su dunƙule su zama ɗaya. In ya kai haka kada ka sa hannu, watsa musu ruwa ko ka jefa zane. Cizon kyanwa ƙaramin rami ne mai zurfi, yana saurin ruruwa, kuma ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba. Mu dai Allah ya kiyaye, ba a kai can ba.

Akwai wani jan muzuru a unguwar, marar gida, mai yagaggen kunne. Muzuru kan kashe ƴan kyanwa in ya same su, don haka da dare ake mayar da Amarya ɗaki. Wata magariba ya hau katangarmu Amarya na tsakar gida. Uwargida, mai fiƙa ɗayan nan, ta taso masa da wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, sai da ya faɗa bayan gida. Matan suka ɗau guɗa, wai uwargida ta tare wa amaryarta faɗa. Na ce katangarta ta tare wa. Iya ta ce, "Ko don me ta yi, yarinya dai ta kwana da ranta." Ban ce komai ba, hurar da take damawa tawa ce.

Kafin in koma lise a Oktoba, gidan ya rabu ba tare da an kira mai gari ba. Ɗakin Iya, bakin murhu da katangar hantsi na Uwargida. Ɗakin ajiya, gindin rumbu da rumfar awaki na Amarya. Wuraren da dole su yi tarayya kuwa, kamar hanyar bayan gida da gindin randa, da lokaci suka raba su: in ɗaya na wurin, ɗayar sai ta zauna nesa tana lasar hannu har waccan ta tashi. Wani Bajamushe masanin halin dabbobi, Paul Leyhausen, ya daɗe da rubuta cewa haka kyanwoyi ke yi, hanya ɗaya amma kowa da sa'arsa. Ni a tsakar gidanmu na gani.

Mu da muka bar ƙauye aka sauke mu gidan mutane don karatu, mun san wani abu cikin wannan. Makon farko ba so kake nema ba. Ƙusa kake nema da za ka rataya jakarka, da sanin lokacin da za ka iya kunna fitila ba ka tashi kowa ba. Ɗan gidan da ke ɗaure maka fuska kuwa, sau da yawa ba ƙin ka yake ba, rabin tabarmarsa aka ba ka ba a tambaye shi ba.

Amarya ta fara da fara da ƙadangaru. Kusunta na farko a Nuwamba ta kama shi, bayan an gama shigar da damman hatsi rumbu, ta kawo ta ajiye bakin ɗakin Inna, aka kira ni a waya aka gaya min kamar an yi haihuwa. Jaɓa kuwa in ta kashe sai ta bar ta nan, ba ta ci, Uwargida ma haka take yi. Bana Baba bai sayi irin gyaɗa ba.

Da na zo hutun ƙarshen Disamba, sanyi na tsakiyarsa, na fito da asuba na same su su biyu a tokar murhu, baya na taɓa baya. Inna ta riga ni gani, tana tsaye tana jira na da murmushi. Ta ce, "To malam, wannan kuma iyakar wace ce?" Na ce murhu ɗaya ne a gidan, sanyi kuwa ba ya tambayar mai wuri. Ta ce sabo ne. Gaskiya ne dai inda abinci ya wadata kyanwoyi mata kan zauna tare, har su shayar da ɗiyan juna, galibi in dangi ne. Waɗannan ba dangi ba ne, sai dai tsumman Iya ya daɗe da gauraya musu wari. Rana na fitowa kowace ta kama gabanta, kuma har yau Amarya ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar Iya ba.

Yanzu Amarya ciki gare ta, ga alama na jan muzurun nan ne. Cikin kyanwa wata biyu ne da ƴan kwanaki, don haka kafin ruwan farko za a ji kuka a bayan buhunan wake. Gida biyu sun riga sun aiko a ajiye musu. Ɗaya ba su da kyanwa, nasu mai sauƙi ne. Ɗayan suna da tsohuwa, Iya ta aika musu cewa ba za ta ba da ko ɗaya ba sai ta cika wata biyu, kuma in lokaci ya matso su fara aiko da tsumman da tasu ke kwana a kai.